Sharhi: Kwalbar Sonax da Rim ɗin da Aka Ce Sai Fenti

Bari in yanke hukunci tun kafin in kawo hujja, don zumuɗi ba zai bar ni in tsaya jan rai ba. A duk tarkacen wankin mota da na taɓa sa kuɗina na saya, babu abin da ya burge ni irin ruwan wanke rim na kamfanin Sonax, wanda suka raɗa wa suna Full Effect. Kwalba ce 'yar madaidaiciya, rabin lita, mai bakin feshi. In ka gan ta a kan kanta sai ka raina ta. Amma abin da ke cikinta ya raba ni da wani takaici da na daɗe ina haɗiyewa, wanda na tabbata duk mai son mota ya san shi.

Takaicin kuwa shi ne, ka kai mota wanki, a wanke jiki ya yi tas, a goge gilasai, a shafa wa taya mai ta yi baƙi wuluk, amma rim yana nan yadda ka kawo shi, da wannan baƙi-baƙin mai ratsin ja da ya maƙale a kowane lungu. In ka yi magana, yaron wanki ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ai wannan ya riga ya ci. Sai dai fenti." Ba ƙarya yake yi maka da gangan ba, iyakar abin da sosonsa da omonsa suka nuna masa ke nan. Mu ma haka muka yarda shekara da shekaru, muna kai lafiyayyen rim wajen mai fenti alhali wanki kawai yake nema.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, baƙin nan ba ƙurar hanya ba ce, ba kuma irin dauɗar da sabulu ya saba da ita ba ce. Ƙarfe ne. Duk lokacin da direba ya taka birki, fad yana matse faifan da ke juyawa tare da taya, faifan nan kuwa a yawancin motoci baƙin ƙarfe ne na zubi. Gogayyar tana cin su duka biyun, tana fitar da gari mai laushi, kuma zafin wurin yakan kai ɗaruruwan digiri in ana taka birki a kai a kai. Garin nan da zafinsa yake tashi, abin da yake fara tararwa kuma shi ne rim. Sai ya lafe a jikin fenti, ya nutse. Da zarar ya sha danshi, ko na damina ko na raɓa ko na ruwan wanki, ƙwayoyin ƙarfen sai su yi tsatsa, ita kuwa tsatsa kumbura take yi, sai ta ƙara kafewa a inda take. Shi ya sa launin ke tashi daga toka-toka, ya koma ruwan ƙasa, ya ƙare a baƙi, kuma in ka shafa da yatsa ka ji kaushi ko da bayan an wanke.

Duk wanda ya lura zai ga rim na gaba ya fi na baya ƙazanta nesa ba kusa ba. Dalili shi ne in aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, don haka birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Masu Marsandi da BMW kuwa su suka fi kowa shan wannan wahala, saboda irin fad ɗin da motocin Jamus suka saba zuwa da shi yana kama faifai da kyau amma yana zubar da gari ba kaɗan ba. Maganar garin birki ma ta wuce ta kwalliya a can Turai. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga ƙurar da birkin mota zai riƙa fitarwa, saboda mutane na shaƙar ta a iska. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum busa busasshiyar ƙurar rim da iskar kwamfaresa yana tsaye a kanta.

To, da me muke yaƙar wannan ƙarfe a wuraren wankinmu? Da ƙarfin damtse da kuma abin da ya fi dauɗar illa. Wani soson ƙarfe yake sawa. Wani ya jiƙa soda. Wani kuma, Allah ya kyauta, ruwan batir yake ɗigawa, ya ga wurin ya yi fari nan take, ya ɗauka ya yi gwaninta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙyallin azurfar da suke gani a jikin yawancin rim na aloi ba ƙarfen ba ne, fenti ne, an kuma rufe shi da kiliya daidai da yadda ake yi wa jikin mota. Soson ƙarfe yana kankare kiliyar, ya bar dubban ƙananan ramuka da garin birki zai samu wurin zama, shi ya sa rim ɗin da aka goge ta haka ya fi saurin komawa baƙi. Shi kuma alminiyam da ke ƙarƙashi, asid na cin sa, soda ma na cin sa. Ko'ina fenti ya ɗan fashe, ta nan za su shiga. Akwai ma ruwan wanke rim na kasuwa masu arha da ake haɗawa da asid ɗin haidurofulorik ko danginsa, wanda ke ratsa fatar mutum ba tare da ya ji zafi nan take ba, ya je ya yi ɓarna a ciki. Yaran da ke wannan aiki da hannu tsirara su nake tausayi fiye da motar.

A kan motar Yayana na ga abin da kwalbar nan za ta iya. Tsohuwar Marsandi C-Class ce 'yar Kwatano, kuma tun da ta shigo hannunsa ban taɓa ganin asalin launin rim ɗinta na gaba ba. Shi kansa ya haƙura, har ya fara cigiyar mai fenti. Da na zo masa da kwalbar, dariya ya yi. "Kai dai ba ka gajiya da zubar da kuɗi a kan shirme," in ji shi. Na ce, "Yaya, ba ni aron ƙafa ɗaya kawai, in bai yi ba ni zan biya kuɗin fentin."

Muka tura motar inuwa, muka bar ta ta huce, na sa ruwa na kore jar ƙasa da yashin da ke sama. Sannan na fesa. Ruwan kore ne shar lokacin da yake fita daga kwalba, kuma yana da ɗan kauri, ba ya zubewa ƙasa nan da nan, yana manne wa jikin rim. Da farko shiru, har Yaya ya fara gyaran murya. Can sai ga wasu ɗige-ɗige ja sun fara tsattsafowa daga lungunan da ke kusa da ramukan noti. Kafin ka ce kwabo sun haɗe, sun yi duhu, sun fara gangarowa ta kowane hannu na rim ɗin, ja mai duhu yana komawa shunayya, yana taruwa a leɓen ƙasa yana ɗiga a kan siminti. Yaya ya sunkuyo, ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Wannan ai zoɓo ne yake zuba daga jikin motar!" Wallahi launin ke nan, ba ragi ba ƙari.

Na ba shi 'yan mintuna, na bi lungu-lungu da burushi mai laushi, ba dirza ba, motsawa kawai, sannan na sakar masa ruwa. Jama'a, gani ya kori ji! Azurfa ce ta fito fes. Tambarin da ke tsakiya, wanda muka ɗauka ya goge, ga shi raɗau. Wani ɗan layi da maƙera suka zana a gefen kowane hannu, wanda Yaya bai ma san yana wurin ba, ga shi ya bayyana. Inda baƙin ya fi kauri, a can cikin kusurwa, sai da na sake fesawa, kuma a zagaye na gaba jan da ya fito bai kai na farko duhu ba, alamar ƙarfen yana ƙarewa. Na tsaya ina kallon ƙafar nan guda ɗaya tana walƙiya kusa da 'yar'uwarta da ba a taɓa ba, na ji daɗin da ban san wanki zai iya ba mutum ba. Yaya bai ce min ya janye maganarsa ba, manya ba sa haka. Cewa ya yi, "To tsayuwar me kake yi? Ga sauran can."

Ba siddabaru ba ne, kuma sanin sirrin bai rage min jin daɗin kallonsa ba. A cikin ruwan akwai wani sinadari da ake kira tayogilaikolet. Aikinsa shi ne ya kama ƙarfe da tsatsarsa, ya mai da su abin da ke narkewa a ruwa, kuma wannan narkakken haɗin shi ne mai launin ja zuwa shunayya. Ƙwayar ƙarfen da ta kafe cikin fenti, in aka narkar da tsatsar da ta riƙe ta, sai ta saki da kanta, ruwa ya tafi da ita, ba tare da an kankare komai ba. Masu ilimin haɗa magunguna sun daɗe da sanin wannan launi, domin da asid ɗin gidan wannan sinadari suke gwada ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikin magani: in ruwan gwajin ya yi shunayya, akwai. Danginsa ne kuma ake sawa a man cire gashi da ruwan lanƙwasa gashi na gidajen gyaran kai. Abin da ya fi burge ni shi ne duk wannan aiki ana yin sa ne ba da asid mai ci ba, ba kuma da soda ba. Ruwan tsaka-tsaki ne, shi ya sa ba ya taɓa fenti, ba ya dusashe kiliya, ba ya mai da kan noti fari.

Sai dai wari. Kai, wari! A nan kam ba zan kare shi ba. Sinadarin na ɗauke da farar wuta, don haka warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi, kuma turaren da kamfanin ya zuba don ya danne shi bai ci nasara ba. Matar Yaya sai da ta leƙo daga cikin gida tana tambayar ko wani abu ne ya mutu a kwata. Kada wanda ya kuskura ya yi wannan aiki a rufaffen gareji. Amma in za a ba ni zaɓi tsakanin toshe hanci na ɗan lokaci da kallon baƙin rim na shekara guda, na san abin da zan ɗauka.

Ban yi mamaki ba da na ga daga Jamus kwalbar ta fito. Kamfanin Sonax yana garin Noiburg ne a bakin kogin Danub, a jihar Bavariya, kuma tun 1950 yake wannan sana'a. Iyalin da suka kafa shi masu haƙar wata farar ƙasa ce ta yankin da ake amfani da ita wajen goge ƙarfe ya yi sheƙi. Ƙasar da motocinta suka fi zubar da garin birki ita ce kuma ta yi suna wajen ƙera rim masu wuyar wanki. Rim na alminiyam ya daɗe, tun 1924 motar tsere ta Bugatti Type 35 ta fito da shi a Faransa, amma Jamusawa ne suka mai da shi abin ado: kamfanin Fuchs ya yi wa Porsche 911 nasa mai hannu biyar a shekarun 1960, sannan BBS ya fito da samfurin RS a 1983, mai saƙar raga, wanda har yau matasa masu son mota ke mafarkinsa. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin wanke irin wannan saƙar da tsumma ya san yatsa ba ya shiga. Ramukan sun yi yawa, sun yi ƙanana. A irin wannan rim ne ruwan da ke aiki da kansa yake nuna darajarsa, don yana kwarara ya shiga inda burushi ma sai da dabara.

Abu ɗaya ne zai iya ɓata wa mutum wannan harka a ƙasarmu, shi ne rana. An yi ruwan ne don ya zauna a jikin rim na 'yan mintuna yana jiƙe, kuma sharaɗinsa shi ne kada ya bushe. A Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, in ka fesa shi a kan rim ɗin motar da ta dawo daga tafiya, kafin ya fara aiki ya ƙafe, ya bar maka tabo. Iskar hunturu ma haka take busar da shi. Don haka da sassafe ake yi, ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, rim yana sanyi, kuma ƙafa ɗaya-ɗaya. Kada a fesa wa huɗun gaba ɗaya a tafi shan shayi. Sannan a fara kore laka da yashi da ruwa zalla, a bar shi ya ɗan tsane, don kada ruwa mai tsada ya ƙare a kan dauɗar da bokiti ɗaya zai iya tafiya da ita. Safar hannu ta roba wajibi ce, a kuma kiyayi ido, musamman in iska na kaɗawa. Tsaka-tsaki ne ga fenti, amma fata ba ta son sa.

Wanda yake son ya ga ƙarshen abin kuwa, sai ya kwance tayar. Fuskar rim da muke gani kaɗan ce daga cikin aikin. Cikinsa, wannan faffaɗan zagayen da ke kewaye da faifan birki, shi ne matattarar ƙazanta, domin a yawancin motoci tun da aka ƙera su hannu bai taɓa kaiwa can ba. Da muka kwantar da na Yaya a kan kwali muka fesa ta ciki, jan da ya fito sai da ya kusa zama baƙi don duhu, kuma nan ne ya fi cin ruwan kwalbar. Amma da ya fita, motar gaba ɗaya sai ta canza kama, domin haske yana ratsa tsakanin hannayen rim ya dawo, maimakon ya faɗa cikin duhu. Wanda zai yi haka ya tokare motar da abin tokara na ƙarfe, kada ya dogara da jak kaɗai, kuma in zai mayar ya ɗaure noti a gicciye, ba bi da bi ba.

Duk son da nake yi masa, ba zan ɗora masa abin da ba ya yi ba. Ƙarfe ya sani. Ɗigon kwalta da ya manne ba ruwansa da shi, wannan sai ɗan kalanzir a tsumma, a goge a wanke nan take. Haka ragowar gam ɗin da masu balansin taya ke bari in sun ɓamɓare tsohuwar dalma. Gurzar da rim ya yi da gefen kwalbati tana nan, ba wankin da ke mayar da ƙarfen da ya tafi. Akwai kuma wata cuta da motocin da aka yi amfani da su a Turai da Kanada da arewacin Amurka ke zuwa da ita. A can gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma yana shiga ƙarƙashin kiliya ya ci alminiyam, sai ka ga wasu fararen zare-zare ko kumburi a jikin rim. Wannan kam maganar yaron wanki ta tabbata, sai fenti. A ƙafar baya ɗaya ta motar Yaya mun tarar da irinsa bayan baƙin ya tafi. Ko a nan ma kwalbar ta yi rana, domin ta nuna mana rim ɗaya ne ke neman mai fenti, ba huɗu ba. In kuma rim ɗinka irin wanda aka goge alminiyam ɗinsa tsirara ne ba fenti, ka fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri. Faifan birki shi ma zai yi ja in ruwan ya taɓa shi, tunda ƙarfe ne, kuma bayan wanki zai yi 'yar tsatsa sama-sama. Kada hankalinka ya tashi, takun birki na farko zai share ta.

Maganar kuɗi, ba zan ɓoye ba, yana da tsada, kamar duk abin da ke tsallako teku a wannan zamani na canjin dala. Rim huɗu da suka yi shekaru ba su ga wankin kirki ba, in za a yi ciki da waje, za su iya shanye kwalba guda. Amma araha ba ta ado, kuma in ka lissafa kuɗin kwance taya da kankara da fenti da kiliya, da kwanakin da mota za ta yi a ajiye, da kuma cewa fentin bakin hanya ba kasafai yake kai na kamfani ƙarko ba, za ka ga wane ne mai tsadar. Ba kuma abin kullum ba ne. In rim ya fita tas, ka shafa masa irin man kakin da ake shafa wa jikin mota, daga nan sabulun mota da soso mai laushi duk mako sun wadatar, kwalbar kuma ta koma ajiya sai an ga baƙin ya fara taruwa.

Akwai wasu da ke aiki da wannan hikimar. Auto-Wheel na kamfanin Bilt Hamber da ke Ingila yana da masoya masu rantsuwa da shi, Iron X na CarPro ma haka, kuma duka biyun suna canza launi, suna kuma wari. Ba na faɗa da masu son su. Ni dai wannan koren na riƙe, don yadda yake manne wa jikin rim, da kuma yadda tashinsa daga kore zuwa ja ke nuna maka ƙarara inda ya yi aiki da inda bai kai ba.

Ga masu wuraren wankin mota, don Allah ku ajiye ruwan batir da soson ƙarfe, ku sayi irin wannan, ku sa masa farashinsa daban. Mai motar da ya tsaya ya ga abin da idonsa ba zai yi muku ciniki ba. Kai kuma mai karatu, in an ce maka rim ɗinka sai fenti, ka dakata tukuna. Nemi kwalba ɗaya, ka sami inuwa, ka sa safar hannu, ka fara da ƙafar gaba.